Karena ya girma, wasan kokawar da muka saba ya fara barin shaida a jiki: in daina ko in gyara?

Mai Gona a Kujama ya rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa na wannan zaure. Akwai wata tambaya da na daɗe ina juyawa a raina, kuma na ga nan ne ya fi dacewa in kawo ta, tunda na lura akwai makiyaya da likitocin dabbobi a cikinmu.

Ina da kare namiji wanda na ajiye domin gadin gidan gonata da ke bayan garin Kaduna. Ruwa biyu ne, uwarsa karyar gida ce, ubansa kuma Alseshan, wato irin manyan karnukan nan 'yan asalin Jamus, kuma na karɓo shi yana da mako biyar da haihuwa, saboda mai uwar ya matsu a raba shi da kwiyakwiyan. Baƙi ne wuluk, don haka yara suka sa masa suna Duna. Tun yana ƙarami na saba masa da wasa da hannu: in ture shi ya faɗi, ya tashi ya kama mini yatsu, in riƙe masa baki in ɗan girgiza, shi kuma yana ta gurnaninsa na yarinta. A wancan lokacin abin dariya ne, kuma ba zan ɓoye muku ba, bayan gajiyar ofis wannan wasan yana sanyaya mini rai.

Yanzu watansa takwas, nauyinsa ya kai kilo 24, kuma abin ya fara wuce wasa. Makon jiya ya yaga mini hannun riga, ya bar mini shaidar haƙora biyu a damtse, ko da yake fata ba ta fashe ba. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ranar Asabar da na je gonar da ɗana mai shekara bakwai. Yaron ya ruga da gudu zuwa wajen kaji, Duna ya bi shi, ya yi tsalle ya kayar da shi, ya kama ƙafar wandonsa yana ja yana kaɗa wutsiya. Na tabbata ba da mugunta ya yi ba, amma yaron ya tsorata ƙwarai, uwarsa kuma ta ce kada in sake kai shi.

Shawarwarin da nake samu sun saɓa wa juna. Mai gadin gonar ya ce duk sanda ya kai baki in buge masa hanci da takalmi har ya daina. Wani maƙwabcina ya ce ai haka ake so, in ƙara tsananta masa wasan, in riƙa ɗaure shi wuni guda ba mai taɓa shi, domin ya yi zafin da ɓarawo zai ji tsoronsa. Maiɗakina kuwa ta ce a bar wasan gaba ɗaya, kare ba abokin kokawa ba ne. To shin akwai hanyar da mutum zai yi wasa mai ƙarfi da karensa, su biyun su ji daɗi, ba tare da an ji wa kowa rauni ba, ko kuwa wasan ne da kansa yake ɓata kare?

Likitan Dabbobi daga Jos ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Wasa mai ƙarfi ba ya ɓata kare, amma wasan da ba shi da ƙa'ida yana ɓata shi, kuma daga bayaninka na ga inda ƙa'idar ta ɓace. Kwikwiyo yana koyon auna ƙarfin bakinsa ne a cikin 'yan'uwansa: idan ya ciji ɗan'uwansa da zafi, wancan zai yi ƙara ya bar wasan, da haka mai cizon yake gane cewa matsa haƙori yana kashe wasa. Wannan ne ɗaya daga cikin dalilan da suka sa muke cewa kada a raba kwikwiyo da uwarsa kafin ya cika mako takwas. Duna ya bar wannan makaranta da wuri, sannan ya zo hannunka ka koya masa cewa fatar mutum abin kamawa ce, kuma duk wanda ya motsa da sauri gayyatar wasa yake yi masa. A lokacin haƙoran nono 28 ne a bakinsa, sirara marasa ƙarfin muƙamuƙi a bayansu. Yanzu ya sake su, yana da na manya 42, ga ƙarfin samartaka, amma darasin da ke kansa bai canza ba. Abin da ya yi wa ɗanka shi ne daidai abin da ka saba yaba masa a kai.

Gyaran farko shi ne a raba haƙoransa da jikinka, a ba su wani abin kamawa. Ka nemi igiya mai kauri ta auduga ko ta rama, tsawonta kamar mita ɗaya, ka ƙulla ta a wuri biyu ko uku, ko kuma tsohon tawul da aka murɗe aka ƙulla. Tsawon yana da amfani, domin shi ne yake nisanta bakinsa da yatsunka. Ka guji igiyar roba mai zarewa, kuma idan ta auduga ta fara tsinkewa ka sauya ta, domin zaren da kare ya haɗiye yana iya naɗe masa hanji har sai an yi masa tiyata. Wannan igiya taka ce, ba tasa ba: kana fito da ita lokacin wasa, kana mayar da ita inda ba zai kai ba bayan an gama.

Sai ka koya masa kalmomi guda uku, kuma Hausa ta isa, kare ba ruwansa da harshen da aka yi masa magana muddin kalmar ba ta canzawa. Ka sa shi ya zauna, ka ce “kama” kafin ya taɓa igiyar, ku yi ja-in-ja na ɗan lokaci, sannan ka ce “saki” ka manne igiyar a cinyarka, ka daina motsi ɗungum. Igiyar da ba ta motsi ba ta da daɗin ja, don haka zai sake ta, ko da farko zai ɗauki ɗan lokaci. Da zarar ya saki, ka yaba masa ka ce “kama” nan take, domin ya fahimci cewa sakin ba asara ba ne, shi ne ƙofar sabon zagaye. Idan ya ƙi, ka nuna masa ɗan guntun nama a gaban hancinsa ku yi musaya. Kalma ta uku ita ce “ya isa”, wadda ke nufin an tashi wasa na yau. Dokar da ba ta da sassauci kuwa ita ce wannan: duk lokacin da haƙori ya taɓa fata ko tufa, ko da bisa kuskure ne, wasa ya mutu. Ba tsawa, ba duka. Ka ɗauke igiyarka ka juya masa baya ko ka shige ɗaki na rabin minti, sannan ka dawo ku sake farawa. Kare ya fi mu iya sarrafa bakinsa, kuma idan ya gane abin da ke kashe masa wasa za ka yi mamakin yadda zai riƙa kauce wa hannunka.

Game da maganar da ake yawan yi cewa idan kare ya ci ka a ja-in-ja zai raina ka, an taɓa gwada wannan a Ingila. Wasu masu bincike biyu, Nicola Rooney da John Bradshaw, sun wallafa sakamakon gwajinsu a 2002, inda aka bar karnuka suna cin wasan a wasu zagaye, ana cin su a wasu, kuma ba a ga cin wasan ya sa sun ɗaga wa mutane kai ba. Saboda haka babu laifi ka riƙa sakar masa igiyar wani lokaci ya zagaya da ita yana taƙama. Karen da ke jin daɗin wasa da kai zai dawo ya tura maka ita a hannu.

Dole kuma ka iya karanta jikinsa, domin gurnani kaɗai ba ya nuna komai. Karnuka da yawa suna gurnani a cikin wasa lafiya ƙalau. Karen da ke wasa jikinsa a sake yake, yana tsalle-tsalle fiye da yadda ake buƙata, bakinsa a buɗe, kuma sau da yawa yana kwantar da ƙirjinsa ƙasa ya bar ƙugunsa a sama, wanda a wurin karnuka shi ne sanarwar cewa duk abin da zai biyo baya wasa ne. Idan kuwa jikin ya sandare, ya tsaya cak yana zuba maka ido, wutsiya ta miƙe sama tana ɗan rawa kaɗan-kaɗan, leɓe ya tattare har fiƙoƙi suka bayyana, gurnanin ya koma ƙasa-ƙasa, to an bar wasa, sai ka tsaya cikin natsuwa. Kaɗa wutsiya ba kullum yake nufin farin ciki ba, yana nufin dai karen ya motsu. Akwai kuma alamun cewa wasan ya yi masa yawa, kamar lasar hanci, hamma ba ta barci ba, kau da kai da cusa wutsiya tsakanin ƙafafu. Hanya mafi sauƙi ta sanin ko yana so ita ce ka tsaya ka ja da baya taku biyu: idan ya biyo ka yana neman ƙari, to yana so, idan ya girgiza jiki ya tafi shan ruwa, ka ƙyale shi. Kada ka jira sai ya hau sama sosai, ka riƙa yanke wasan bayan kowane minti ɗaya ko ƙasa da haka ka sa shi ya zauna.

Ta fuskar lafiyar jikinsa, ka riƙa jan igiyar gefe da gefe a daidai tsayin kansa, kada ka fizge ta sama da ƙasa, kada kuma ka ɗaga shi da ita ƙafafunsa su bar ƙasa, domin wuya da haƙora ne za su biya. Ƙasusuwan manyan karnuka ba sa gama ƙwari sai sun kai wata 12 zuwa 18, kuma jinin Alseshan an san shi da matsalar gaɓar ƙugu, don haka a rage masa dogon tsalle da juyin gaggawa a yanzu. A yi wasan a kan ƙasa ko ciyawa, ba a kan tayil mai santsi ba. Kada a jefa masa sanda ya ɗauko, domin na sha ganin karen da sanda ta soke shi a maƙogwaro. Kada a yi wasa mai ƙarfi daf da cin abinci, a bar tazarar awa ɗaya ko biyu, saboda karnuka masu zurfin ƙirji cikinsu yana iya kumbura ya murɗe, kuma wannan yana kisa cikin sa'o'i. Sannan ka tuna kare ba ya gumi kamar mu, da haki yake fitar da zafi, ga naka kuma baƙi ne. A watannin Maris zuwa Mayu ka tsayar da wasan bayan sallar Asuba ko daf da Magariba, da ruwan sha a kusa.

Shawarar mai gadi da ta maƙwabcinka duka ka ajiye su. Dukan hanci yana koya wa kare cewa hannun mutum abin tsoro ne, kuma karen da ke tsoron hannu shi ne wanda zai ciji yaron da ya miƙo hannu domin ya shafa shi. Ɗaurin wuni guda kuma ba jarumta yake haifarwa ba, ƙunci yake haifarwa, kuma karen da ƙunci ya cika ba ya bambanta ɓarawo da baƙon da ya zo sayen ƙwai.

Jikan Mafarauta daga Katagum ya amsa:

Likita ya yi bayani mai gamsarwa, Allah ya saka da alheri. Ni ban yi karatun dabbobi ba, amma na tashi a gidan da ba a taɓa rasa karnuka biyar ko shida ba, domin kakana mafarauci ne, kuma da rani ana fita da su daji. Abin da zan ƙara shi ne abin da na gani da idona.

Ban taɓa ganin kakana ya sa hannu a bakin kare da sunan wasa ba, amma kuma ƙananan karnukansa sun fi na kowa samun wasa. Yakan ɗaure busasshiyar fatar zomo a bakin igiya, ya ɗaure igiyar a kan doguwar gora kamar mai shirin fatsa, ya riƙa jan fatar a ƙasa yana karkata ta hagu da dama, kwiyakwiyai suna bi suna kamawa. Mutum yana tsaye wuri ɗaya, kare kuwa yana gudu har ya gaji, kuma tsakanin haƙori da hannu akwai tsawon gora. Malam Mai Gona, wannan zai yi maka amfani ƙwarai, tsumma ma ya isa a madadin fata, sai dai a riƙa jan sa a ƙasa kada a ɗaga shi sama, kamar yadda Likita ya yi gargaɗi game da tsalle. Sha'awar bin abin da ke gudu, wadda ta sa Duna ya kayar da ɗanka, a jininsa take, ba za ka iya cire ta ba, amma kana iya ba ta wurin zuwa.

Inda na ɗan saɓa da Likita shi ne batun barin kare ya tafi da igiya. A wurinmu karen da ya kama abu ya gudu da shi ba shi da amfani, domin ranar da ya kama zomo na gaske can zai kai shi gindin kalgo ya cinye. Abin da ake fara koya wa karen farauta ke nan, ya kama ya riƙe, mai shi ya zo ya ce ya bari, ya bari. Ina ganin karen gida ma haka ya kamata, duk abin da ke bakinsa ya san na maigida ne.

Abu na ƙarshe, a ganina rabin matsalar Duna rashin aiki ne. Kare ɗan wata takwas da yake zaune a harabar gida yana jiran maigida ya zo ƙarshen mako, ranar da ya gan ka duk ƙarfin da ya tara na kwana shida a kanka zai sauke shi. Ka sa mai gadin ya riƙa zagaya gonar da shi safe da yamma, yana shinshine-shinshinensa, kuma kai ma idan ka zo kada ka fara da wasa tun daga bakin ƙofa. Ku yi tafiya tukuna, ya huce, sannan a ɗauko igiya.

Uwar Biyu ta amsa:

Ina yi wa kowa sallama. Na karanta bayanan malaman nan biyu kuma ban musa ko ɗaya ba, amma ina so in yi magana a madadin maiɗakinka, Malam, domin na fahimci tsoronta. 'Yata tana da shekara biyar lokacin da karen gidan wani ɗan'uwanmu ya cije ta a kumatu. Kare ne da kowa ke yabo da sanyin hali, samarin gidan kullum suna kokawa da shi, ita kuma ta ga suna yi sai ta je ta rungume wuyansa yana cin abinci. Har yau tabon yana nan. Tsayin yaro daidai yake da bakin babban kare, shi ya sa cizon da zai sami babba a hannu yake samun yaro a fuska ko a wuya.

Don haka duk ƙa'idojin da aka lissafa na manya ne. Yaro mai shekara bakwai ba zai iya lura da sandarewar jiki ko tattarewar leɓe ba, kuma ba shi da ƙarfin da zai tsayar da wasa idan ya ɓaci. Ra'ayina shi ne kada ɗanka ya yi ja-in-ja ko guje-guje da Duna ko kaɗan a yanzu, kuma kada a bar su su biyu ba babba a tsakani, ko da na minti ɗaya ne. Idan ana so su saba, yaron yana iya tsayawa kusa da kai ya ce masa ya zauna, ya jefa masa ɗan abinci a ƙasa, ko ya ɓoye masa wani abu a cikin harabar ya nemo. Ka kuma koya wa yaron cewa idan kare ya nufo shi da gudu kada ya ruga, kada ya yi ihu, ya tsaya ƙyam kamar turke, ya naɗe hannuwansa a ƙirji, ya kau da idonsa. Idan kuma ya riga ya faɗi, ya dunƙule ya rufe wuyansa da fuskarsa da hannuwa. Ku gwada wannan a gida kamar wasa har ya zauna masa.

Sannan ka tuna ba ɗanka kaɗai ne yaro a duniya ba. Gidan gona ba ya rasa almajirai da 'ya'yan ma'aikata da masu tallar abinci, kuma su ba wanda ya koya musu komai. Idan kai ka bi doka amma mai gadi ko wani saurayi yana ci gaba da tura masa hannu a baki, aikin banza ka yi. A tara duk wanda ke hulɗa da karen a gaya musu magana ɗaya. Ina kuma roƙon Likita ya yi mana bayanin abin da za a yi idan an yi rashin sa'a fata ta fashe, domin a lokacin da abin ya same mu mun ɓata lokaci muna neman gashin karen da za a ƙona a shafa.

Ɗalibin Ilimi daga Zariya ya amsa:

Assalamu alaikum. Tunda wasa irin wannan ba ya rabuwa da yawun kare a hannu da tufa, na ga ya dace in taɓo wannan ɓangaren a taƙaice, domin na san wasu masu karatu shi ne zai fara zo musu a rai. Hadisi ya inganta cewa wanda ya riƙe kare ba don farauta ko kiwo ko gona ba, ladansa yana raguwa kullum, kuma naka, Malam, na gadin gona ne, don haka yana cikin waɗanda aka yi rangwame a kansu. A mazhabar Malikiyya, wadda mafi yawanmu muka tashi a kanta, kare mai rai ba najasa ba ne, haka ma yawunsa, kuma wanke ƙwaryar da ya sha a ciki sau bakwai ana ɗaukarsa a matsayin bin umarni ne kawai. Shafi'iyya da Hanbaliyya kuwa suna ganin najasa ne, a wanke sau bakwai, ɗaya da ƙasa. Wanda yake son fita daga saɓani sai ya ware wata tsohuwar riga ta wasa da kare, daban da wadda yake salla da ita, ya wanke hannu da sabulu bayan an gama, kuma igiyar da Likita ya ba da shawara ta rage wannan damuwar sosai, tunda ita ce ke shan yawun.

Maganar ɗan'uwanmu na Katagum kuma tana da tushe, domin aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta halatta abin da dabbobin farauta da aka horar suka kamo wa masu su, wato horar da kare ya kama kuma ya bari abu ne da aka sani tun da can. Dukan dabba a fuska kuwa an hana shi, don haka shawarar takalmi ba ta da wurin zama ta kowace fuska.

Mai Gona a Kujama ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai da gaske, Allah ya bar zumunci. Yau kwana goma sha biyu ke nan da na fara gwada abin da kuka faɗa, ina biyawa gonar da yamma bayan an tashi aiki. Kwana uku na farko sun yi wuya, domin yana barin igiyar ya nemi hannuna kamar yadda ya saba, har sai da na shige ɗaki sau shida a yamma ɗaya. Yanzu yana sakin igiyar da kalma ɗaya a mafi yawan lokuta, kuma gorar Baba na Katagum ta fi komai gajiyar da shi. Hajiya, na karɓi maganarki, yaron bai koma ba tukuna, kuma na zauna da mai gadi da yaran da ke aikin kaji. Abin da ya rage mini shi ne, idan wasan ya yi nisa yakan bar igiyar ya yi tsalle ya dafa mini ƙirji da ƙafafunsa. Shin wannan ma in ɗauke shi kamar taɓa fata da haƙori?

Likitan Dabbobi daga Jos ya sake amsawa:

Haka ne, Malam, ka ɗauke shi daidai da haƙori, domin tsallen da kai za ka iya jurewa shi ne zai kayar da yaro ko tsoho. Kada ka ture shi da hannu ko gwiwa, tunda a wurinsa turi ci gaban kokawa ne. Ka juya gefe, ka ɗauke igiyar, kada a koma wasa sai ƙafafunsa huɗu suna ƙasa. Yawanci wannan tsallen alama ce ta cewa zagayen ya yi tsawo, don haka ka gajarta shi, ka yanke tun kafin ya kai wurin. Game da saɓaninmu da ɗan'uwa na Katagum, na yarda da shi a kan karen da ke gudu da abu ya ɓoye ko ya yi gurnani idan an matso: irin wannan kada a sakar masa, kuma kada a bi shi da gudu, a koya masa musaya tukuna. Wanda yake dawo da igiyar da kansa shi nake nufi.

Hajiya, tambayarki ta fi duk sauran muhimmanci. Idan haƙori ko farce ya fasa fata, a wanke wurin nan take da sabulu da ruwa mai gudana na tsawon minti 15, a sa maganin kashe ƙwayoyin cuta irin su aidin, sannan a tafi asibiti a ranar, kada a ɗaure ciwon da tsumma, kada a shafa gashi ko toka ko barkono. Likitan mutane ne zai yanke ko ana buƙatar allurar haukan kare da ta ciwon sandarewar jiki, wato tetanus, shi kuma karen a killace shi a sa masa ido na kwana 10. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, mafi yawa a Afirka da Asiya, kusan kashi 40 cikin ɗari yara ne 'yan ƙasa da shekara 15, kuma da zarar alamunsa sun bayyana kusan ba a tsira. Malam Mai Gona, ba ka faɗa mana ko an yi wa Duna rigakafin ba. Ana fara yi ne daga wata uku, a riƙa sabuntawa kowace shekara, tare da maganin tsutsar ciki duk bayan wata uku da na kaska. Idan ba a yi ba, ka kai shi asibitin dabbobi a cikin makon nan, ka karɓi katin shaida ka adana, kuma a dakatar da ja-in-ja har sai an yi, a tsaya a kan gora da zagayen gona.